Waƙi'iyya a Ƙagaggen Labari: Tarihinta da Amfaninta, Tare da Waiwayen Abin da Ya Faru a Bakolori

Tsakure

Wannan maƙala ta bi tarihin salon ƙaga labari mai bin zahirin rayuwar mutane, wanda manazarta adabin Larabci suke kira al-waƙi'iyya, tun daga saiwoyinsa a adabin Musulmi na dauri, zuwa bunƙasarsa a Turai da Masar, har shigowarsa rubutun zube na Hausa. Ta duba matsayinsa a mahangar shari'a, sa'annan ta auna amfaninsa da abin da ya sami manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun sanadiyyar madatsar ruwa ta Bakolori. Abin da ta tsaya a kansa shi ne, irin wannan labari wani nau'i ne na shaida, kuma yana da sharuɗɗa kamar yadda shaida take da su.

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen watan Afrilun 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa manoman da suka tare hanyoyin aikin madatsar Bakolori, a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Har yau ba a haɗu a kan adadin waɗanda suka rasu ba. Alƙaluman hukuma sun tsaya a 'yan gomomi, shaidu da wasu masu bincike kuwa suka kai su ɗaruruwa. Ko da an daidaita a kan adadin, akwai abubuwan da lissafi ba zai faɗa ba: abin da magidanci ya ce wa iyalinsa a daren da ya yanke shawarar fita, da yadda matarsa ta yi takaba a gidan da babu hatsi a rumbu, da yadda limamin gari ya ji a ransa sa'ad da ya tsaya a kan gawawwakin mutanen da jiya suke sahu a bayansa. Irin waɗannan abubuwa su ne abincin ƙagaggen labari mai bin zahiri. Tambayar da ta dace da ɗalibin ilimin addini ita ce: daga ina wannan salo ya fito, kuma ya halatta Musulmi ya riƙe shi hanyar faɗin gaskiya alhali sunayen da ke cikinsa ƙagaggu ne?

2.0 Ma'anar waƙi'iyya

Kalmar waƙi'a ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe, domin yana kiran babban abin da ya auku da ita. Waƙi'iyya a adabi ita ce marubuci ya gina labarinsa a kan abin da yake aukuwa, ko yake iya aukuwa, a rayuwar mutane na yau da kullum: talaka da attajiri, kasuwa da kotun alƙali, bashi da gado da kishi, kowane abu da sababinsa da sakamakonsa. Tauraron irin wannan labari ba ya hawan aljani ya ƙetare teku, ba ya kuma tsintar zoben da zai warware masa matsala. Idan ya ci bashi sai ya biya ko a kai shi ƙara. Ya kamata a lura cewa kalmar zahiri a nan ba ta da alaƙa da mazhabar Zahiriyya ta Dawud da Ibn Hazm a fiƙihu. Abin nufi kawai shi ne rayuwa kamar yadda ido yake ganinta, kunne yake jinta.

3.0 Saiwoyinta a adabin Musulmi

An saba danganta wannan salo ga Turai ta ƙarni na 19, kuma gaskiya ne a can ya zama mazhaba mai suna. Amma ɗabi'ar kallon rayuwar ƙananan mutane da rubuta ta dalla-dalla ta daɗe a adabin Larabci. Al-Jahiz, wanda ya rasu a Basra a shekara ta 255 ta Hijira, ya cika Kitabul Bukhala da maganar man fitila da ragowar abinci da gardamar mai gida da ɗan haya a kan ƙarin kuɗi saboda baƙi. Wanda ya karanta shi zai san yadda gidajen Basra suke fiye da yadda littattafan tarihin halifofi za su sanar da shi.

Bayansa aka sami maƙama. Badi'uz Zaman al-Hamazani (ya rasu 398 H) ya buɗe ƙofarta, al-Hariri (ya rasu 516 H) ya kai ta ƙololuwa. Abu Zaid as-Saruji mutum ne da ba a taɓa haifa ba, amma masallatai da kasuwanni da majalisun alƙalai da yake yaudarar mutane a cikinsu duk na gaske ne. Al-Hariri da kansa ya san za a tuhume shi da ƙarya, don haka a gabatarwar littafinsa ya kare kansa da cewa ba a taɓa ɗora laifi a kan masu sanya hikima a bakin dabbobi ba, kuma ayyuka suna tafiya ne da niyya. Abin lura shi ne, wannan littafi yana cikin manyan littattafan lugga da ake sauka a zaurukan malamai na ƙasar Hausa tun ƙarnoni. Wato malaman da ake zaton ba su san ƙagaggen labari ba sun daɗe suna karantar da shi, sai dai da sunan lugga.

A ƙasar Hausa kuma akwai wata saiwar ta daban, wadda ba ta ƙaga labari ba amma ta koyar da kiran abu da sunansa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, kuma cikin wuraren da ya zauna akwai Faru, wadda sunanta yake nan har yau a ƙasar Maradun. Da ya haɗu da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami a wajajen 1788, ya bar dukiyar da aka ba shi ya nemi abubuwa biyar, ciki har da sakin fursunoni da sassauta haraji a kan talakawa. A Kitabul Farƙ bai tsaya ga cewa zalunci haramun ne ba, sai da ya lissafa nau'o'insa da sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Ƙanensa Abdullahi, a Tazyinul Waraƙat, ya juya wannan ido a kan jama'ar jihadi kanta sa'ad da ya ga son duniya ya fara shigarta. Marubucin da ya bayyana yadda ake cin haƙƙin manomi a ofishin biyan diyya yana da magabata a wannan gida.

4.0 Daga Turai zuwa Masar

A Faransa, Balzac (ya rasu 1850) ya ɗauki aniyar zana al'ummarsa gaba ɗaya, daga mai ba da bashi da ruwa zuwa ɗan ƙauyen da ya shigo birni neman suna. Dickens a Ingila ya shiga gidajen marayu da kurkukun masu bashi, Tolstoy a Rasha ya shiga gonaki da fagagen yaƙi. Tun a lokacin aka fara jayayya a kan iyakar abin da ya kamata a bayyana, domin a 1857 an gurfanar da Flaubert a kotu bisa zargin ɓata tarbiyya saboda Madame Bovary, ko da yake an sallame shi. Daga baya Zola ya kai salon wani matsayi inda ake kallon mutum a matsayin abin da gado da muhalli suka sarrafa, ba shi da zaɓi. Wannan reshe ne ya fi jawo ƙyamar malaman Musulunci, kuma suna da hujja, domin ya ci karo da asalin taklifi da hisabi.

Masar ce ta zama gada. Muhammad al-Muwailihi ya ɗauki tsohuwar rigar maƙama ya sanya wa Alƙahira ta zamanin Ingilishi a Hadisu Isa bn Hisham, wanda ya fito a littafi a 1907. Haikal ya biyo da Zainab, labarin ƙauyen Masar. Najib Mahfuz ya fitar da littattafansa uku a kan wani gida na tsohuwar Alƙahira a 1956 da 1957, ya kuma sami kyautar Nobel a 1988. Amma littafin da ya fi kusa da batun wannan maƙala shi ne al-Ard na Abdurrahman ash-Sharƙawi (1954). Labarin wani ƙauye ne a farkon shekarun 1930, wanda hukuma ta rage wa kwanakin ban ruwa daga goma zuwa biyar, sa'annan ta ratsa gonakinsa da hanya don amfanin wani babba. Manoma suka fara faɗa da junansu a kan ruwa kafin su gane inda cutar ta fito. Duk Bazamfaren da ya karanta shi zai ga kamar a bakin Gulbin Sakkwato aka rubuta shi.

Sai dai ash-Sharƙawi ya rubuta shi ne da idon gurguzu, ya sanya malamin ƙauyen a sahun masu lallashin talaka ya haƙura da zalunci. Martanin irin wannan ne ya haifar da kiran waƙi'iyya ta Musulunci a hannun marubuta irin su Muhammad Ƙuɗub a Manhajul Fannil Islami, da likitan nan Najib al-Kilani (1931–1995), wanda har ya rubuta labari a kan Arewacin Nijeriya mai suna Amaliƙatush Shamal. Hujjarsu ita ce, wanda ya zana mutum da yunwarsa da sha'awarsa kaɗai, ya bar sallarsa da tubansa da tsoron Allah da ke hana shi barci, bai zana gaskiyar mutum ba, rabinta ya zana.

5.0 Shigowarta rubutun zube na Hausa

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Ya ba da labarin wahalar da ya sha kafin su yarda cewa littafi yana iya zama na abin da bai faru ba. Littattafai biyar da suka fito daga wannan gasa sun rabu gida biyu. Ganɗoki na Bello Kagara ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, sa'annan ya tashi zuwa duniyar aljannu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya bi sawun maƙama, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke tuna wa mai karatu al-Haris bn Hammam da Abu Zaid. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai Jiki Magayi na John Tafida da East, labarin attajirin da ya ƙwace wa saurayi budurwa da ƙarfin dukiya da ramuwar da ta biyo baya, da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Shaihu Umar ya cancanci a dakata a kansa. Malami ne a Rauta yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa: yadda makircin fada ya kori mijin uwarsa Makau, yadda aka sace shi yana yaro, yadda ya ƙetare Sahara a hannun Balarabe Abdulkarim, da yadda uwarsa ta fita nemansa ita ma ta faɗa bauta. Littattafan fiƙihu sun yi bayanin wanda ya halatta a bautar da wanda bai halatta ba, Ahmad Baba na Tumbuktu ma ya yi fatawa a kan haka. Amma Tafawa Ɓalewa ne ya sa mai karatu ya ji abin da sayar da 'ya mace Musulma yake nufi a jikinta da zuciyarta. Ya yi haka ba tare da ya fitar da imani daga labarin ba, domin ilimi da tawakkali su ne suka riƙe tauraronsa har ƙarshe.

Bayan wannan, labaran jarumai da aljannu suka rinjaya na tsawon lokaci. Salon zahiri ya dawo da ƙarfi a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka sauya fuskar Arewa. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi ɗan ƙauyen da birni ya ruɗa. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid (1980) ya kawo muryar mace a kan aure da ƙabilanci. A 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya zana yadda makamai da ragowar yaƙin basasa suke haifar da gungun 'yan ta'adda a daji. Wanda ya sake karanta wannan littafi a Zamfara ta yau zai yi mamakin nisan hangen mai shi. Daga baya, a cikin abin da aka kira adabin kasuwar Kano, Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne (1990), a kan matar da miji ya kora da 'ya'yanta, labarin da kowane alƙalin kotun shari'a ya san irinsa.

6.0 Matsayinta a shari'a

Masu hani suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, mai yin narko ga wanda yake ƙarya don ya ba mutane dariya. Masu halattawa suna amsawa da cewa ƙarya ita ce ba da labarin saɓanin gaskiya ga wanda zai ɗauke shi gaskiya. Idan mai faɗa da mai ji duk sun san misali ake bugawa, babu wanda aka yaudara. Suna ƙarfafa wannan da yawan buga misali a Alƙur'ani da Sunna, da kuma masu husuma biyu da suka zo wa Annabi Dawud (AS) da maganar tumaki a Suratu Sad, waɗanda malaman tafsiri da yawa suka ce mala'iku ne suka zo da misali. Dole a kiyaye a nan cewa ƙissoshin Alƙur'ani gaskiya ne da suka auku, ba a kiransu ƙage. Abin koyi daga gare su shi ne hanyar bayani: Suratu Yusuf ta ambaci hassadar 'yan'uwa da makircin matar Aziz da zaman kurkuku da fari, ba ta ɓoye komai ba, ba ta kuma tsiraita komai ba.

Hadisin Ummu Zar'in, wanda Bukhari da Muslim suka fitar, yana da muhimmanci na musamman. Nana A'isha (RA) ta ba Manzon Allah (SAW) labarin mata goma sha ɗaya da suka zauna kowace tana siffanta mijinta, wasu da yabo wasu da suka, ya saurara har ƙarshe. Cikin fa'idojin da masu sharhi suka ciro akwai cewa ambaton aibin wanda ba a san ko wane ne ba bai zama giba ba. A kan wannan asali, ƙagaggen suna kariya ce ga marubuci da kuma mutuncin mutane: yana ba shi damar fallasa ɗabi'a ba tare da ya tozarta wani ayyananne ba.

Daga nan sharuɗɗan suke fitowa. Kada labari ya zama hanyar yaɗa alfasha, wadda Suratun Nur ta yi gargaɗi a kanta. Kada a fake da ƙage a yi wa sanannen mutum ƙazafi ta hanyar siffofin da kowa zai gane shi. Kada a jingina wa Annabi ko sahabbai maganar da ba su yi ba. Na ƙarshe, wanda ya fi wuya, shi ne adalci ga wanda marubuci yake ƙi, kamar yadda Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta kai mutum ga barin adalci.

7.0 Bakolori a matsayin ma'auni

An gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, a hannun kamfanin Impresit na Italiya, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin da ta tara ya mamaye kimanin hekta 8,000, aka kuma tsara noman rani a kan fiye da hekta 20,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Niyyar ita ce wadata ƙasa da alkama da shinkafa. Amma mutane iri uku suka ɗauki nauyin aikin a wuyansu. Na farko su ne dubban da ruwa ya ci gidajensu da gonakinsu a wajen Maradun, aka mayar da su tudun da bai kai ƙasarsu ta da albarka ba. Na biyu su ne manoman filin ban ruwa, waɗanda aka hana shuka damina bayan damina ana baje ƙasa da katafila, aka sare musu itatuwan amfani, biyan diyya kuma ya yi ta jan ƙafa. Na uku su ne mutanen fadamun da ke ƙasa da madatsar, manoman shinkafa da masunta, waɗanda ambaliyar shekara-shekara da suke dogaro da ita ta ragu. Tura ta kai bango a 1980.

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan lamari ya zo ne da Turanci, daga masu bincike irin su Björn Beckman da W. M. Adams, kuma aikinsu yana da daraja. Sai dai jikan manomin Birnin Tudu ba a nan zai nemi labarin kakansa ba. Yankin yana da taskar tunawa mai ƙarfi a waƙar baka, domin ƙasar Bakura da Maradun ce ta fitar da Alhaji Musa Ɗanƙwairo, amma waƙar fada aikinta kambama sarki da manyan manoma, ba a ɗora mata bin diddigin takardar diyya ba. A nan gurbin labarin zube yake.

Marubucin da zai cike wannan gurbi zai tarar da masa'il na fiƙihu a raye: karɓe ƙasa don maslahar jama'a da sharaɗin biyan ƙima, haƙƙin ruwa tsakanin na sama da na ƙasa, gonar gado da aka sake rabawa har magada suka kasa gane iyakarsu, da halaccin kokawar wanda aka zalunta, wadda Suratun Nisa'i ta keɓe, Imam Nawawi kuma ya sanya ta farko cikin wurare shida da giba take halatta. Sharaɗin adalci zai tilasta masa ya shiga zuciyar injiniyan da ya yi imani yana kawo ci gaba, da hakimin da ya tsaya tsakanin gwamnati da talakawansa, da ɗan sandan da shi ma ɗan manomi ne, da kuma wanda ya sami arziki da noman ranin daga baya, domin akwai su. Labarin da ya mayar da ɓangare ɗaya mala'iku ɗaya kuma shaiɗanu ya koma tatsuniya, ko da babu aljani a cikinsa.

Buƙatar ba ta tsaya ga 1980 ba. A watan Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata kusan 280 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, a cikin shekarar kuma aka kai irin wannan hari a makarantu a Bakura da Maradun. Jaridu sun kawo adadi sun wuce. Yadda uba yake sayar da gona ya biya fansa, da yadda yaron ruga ko na ƙauye yake zama ɗan bindiga, da yadda unguwa take karɓar yarinyar da ta dawo daga daji, duk suna jiran alƙalamin da zai bi su a hankali.

8.0 Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa bin zahiri a labari yana da asali a gidan Musulmi tun kafin ya sami suna a Turai, kuma ya shigo Hausa ta hannun mutanen da suka tashi a karatun allo da zaure. Shari'a ba ta hana shi don kasancewarsa ƙage ba, ta dai ɗaure shi da abin da ta ɗaure mai shaida da shi: gaskiya, da kamewa, da adalci. Ya dace sassan nazarin addini su daina barin wannan fage ga sassan harsuna kaɗai. Ɗalibin da ya karanta babin ƙwace da babin diyya, sa'annan ya karanta Shaihu Umar da al-Ard, zai fi gane wanda yake tsaye a gabansa ranar da ya hau kujerar alƙalanci ko mumbari. Ya kuma dace a tattara bayanan dattawan Bakolori da suka rage tun suna raye, domin su ne madogarar duk wanda zai rubuta labarinsu da amana. Allah ne Mafi sani.